Ciwon Muƙamuƙina da Sakamakon da Bai Fito Ba

'Yan'uwana cikin Almasihu, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya bar mini bakin da zan gaishe ku da shi.

Na rubuta shaidar nan ne kafin in zo, don ina tsoron in ƙara abin da bai faru ba, kuma har yanzu wasu kalmomi suna maƙale mini. In kun ji na tsaya, ku yi haƙuri da ni.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Iliya. Ƙauyenmu yana arewa, dab da iyaka ta wajen Mubi. Karatu ya kawo ni Yawunde. Na gama digiri, wato lisans, daidai lokacin da gwamnati ta daina ɗaukar ma'aikata, aka yanke albashi, aka karya darajar kuɗinmu na sefa. Kun san shekarun, har yanzu ba mu gama fita daga cikinsu ba. Da aiki ya ƙi samuwa sai na kama ɗaki a nan unguwar Birik, a gidan Baba Sule mai tsire, ina koya wa 'ya'yan 'yan kasuwa Faransanci da lissafi a gidajensu. Baba Sule Musulmi ne, ni Kirista, amma tun da na shiga gidansa ba a taɓa sauke tukunya ba a ɗiba mini ba. Bai taɓa kirana da sunana ba. Lisans yake ce mini.

Shi ne ma ya fara lura da kumburin. Wata rana da safe yana shirin tafiya kasuwar Etoudi sayo nama, sai ya dube ni ya tambaya ko na fara cin goro ne ina ɓoyewa a kumatu. Muka yi dariya. Na taɓa wajen, ta hagu, ƙasa da haƙoran turmi. Akwai tauri, amma babu zafi ko kaɗan. Ina tsammanin rashin zafin ne ya sa na yi sakaci, ko da yake ba zan ɗora masa laifin duka ba.

Da ya ƙara girma na je wajen wani mai cire haƙori a unguwar Tsinga. Ya cire turmi ɗaya. Ramin ya ƙi rufewa, kumburin bai sauka ba. Da na koma, mutumin ya leƙa bakina ya daɗe, sannan ya ce wannan ba aikinsa ba ne, in tafi babban asibiti.

Likitan da na samu mutumin kudu ne, mai ƙarancin magana, ba ya kallon fuskar mutum in yana bayani. Ya sa aka ɗauki hoton ƙashin. Fitilar duba hoto ta lalace, don haka a taga ya ɗaga shi. Ya nuna mini inda ya kamata ƙashi ya fito fari, sai ga shi ramuka ramuka kamar kumfar sabulu. Ya ce akwai cututtuka da dama masu wannan kama, wasu masu sauƙi, wasu ba masu sauƙi ba, kuma ba zai ba shi suna ba sai an duba naman a labo, wato ɗakin gwaje-gwaje. Zai buɗe ta cikin baki, ya kankare abin da zai iya, a kai labo.

Kun san yadda asibiti yake a zamanin nan. Kai za ka kawo safar hannu da zare da auduga, kai kuma za ka kawo mai jinya. Sai na aika gida. Mama ta hau mota zuwa Ngaundere, ta shiga jirgin ƙasa, karo na farko a rayuwarta. Ba ta jin Faransanci, saboda haka ranar aikin Baba Sule ya bar tukubarsa ya zauna da ita a baranda yana yi mata tafinta.

Aka yi aikin. Na farka, kumburin ya sauka, na yi murna. Likita ya ce in dawo masa da sakamakon labo. Ni a tunanina, daga ɗakin tiyata asibiti ne yake aika naman can. Ban tambaya ba. Mama ta zauna har na fara cin tuwo, sannan ta koma saboda girbi.

Da lokacin da aka faɗa mini ya yi, na je labo. Matar da ke zama a taga ta duba, ta sake dubawa, ta ce babu sunana. Ta tambayi wanda ya kawo kwalbar da aka sa naman a ciki. Na ce asibiti. Ta kalle ni kamar wanda ya sauka daga jirgi yau, ta ce asibiti ba ya kawo kwalba, dangin majiyyaci ne suke kawowa da ƙafarsu.

Na koma wajen likita. Ya ce ma'aikaciyar jinya ta miƙa wa mutanena kwalbar a baranda tun ina barcin allura, in je in tambaye su. Na tambayi Baba Sule. Yana juya nama a kan wuta, ya ce shi bai ga wata kwalba ba, ya juya wajen mai saye. Na ba wani ɗan garinmu da zai tafi gida saƙon baki ga Mama. Amsar da ta dawo ita ce tana gaishe ni, in riƙa cin abinci sosai. Na ɗauka ɗan saƙon bai isar da tambayar daidai ba.

Daga nan ne zato ya shige ni, kuma ina ganin ya ci ni kusan yadda ciwon ya ci ƙashina.

Na fara da likita. Na ce ya zubar da abin ne yana neman inda zai jingina laifi, ga ɗan arewa marar kowa a gari. Sai na koma kan ma'aikaciyar jinya. Wani ɗan'uwa a zumuntar nan, ba zan faɗi suna ba domin na san don ƙauna ya faɗa, ya ja ni gefe ya ce a garin nan naman mutum ba ya ɓata haka kawai, akwai masu saye. Ya tuna mini da wani abokin karatuna da ya samu aiki a shekarar da ba wanda ya samu, ya ce in yi tunani a kan wannan. Na yi tunani a kai fiye da yadda ya kamata. Ba zan ce na gaskata ba, amma ba zan iya tsayawa a gabanku in ce ban gaskata ba. In na hango abokin nan a hanya sai in canza titi.

Wanda ya fi damuna shi ne Baba Sule. Me ya sa bai ɗago ya dube ni ba da na tambaye shi? Mutumin da yake wuni da wuƙa da nama, wa ya san abin da ya sani? Na fara karɓar kwanon gidansa ina godiya, in kai ɗaki, in rufe, in ba wasu. Da Babbar Salla ta zo ya aiko mini da cinya, na ba maƙwabta ta bayan gida.

Likita ya ce tunda babu sakamako, in riƙa zuwa ana ɗaukar hoto yana lura. Na je sau ɗaya na daina. Na ce ba zan ci gaba da kai kaina wajen wanda ban yarda da shi ba. A lokacin na ɗauka hankali ne nake yi.

Damina ta wuce, wata ta zo, sai kumburin ya dawo. Wannan karon bai zo a hankali ba. Haƙora suka fara girgiɗi. Leɓena na ƙasa ya mutu, in ina shan ruwa sai ya zubo ban sani ba. Wasu iyaye suka ce in ɗan huta da zuwa gidajensu har in warke. Ban ga laifinsu ba.

Baba Pasto ne ya kama hannuna ya mayar da ni asibiti. Aka ɗauki sabon hoto. Likita ya ɗora yatsa inda ciwon yake a da, ya ja yatsan har kusa da kunne. Ya ce a ganinsa sai an yanke wani sashe na muƙamuƙin, amma shi ba zai yanke ƙashin mutum ba tare da ya san sunan abin da yake yaƙa ba. Dole a sake ɗiban nama a kai labo. In kuma na ci gaba da jira, abin zai kai gaɓar da baki yake buɗewa, daga nan ya yi sama, kuma akwai inda in ya kai ba zai iya bin sa ba.

Na tambaye shi ina naman farkon yake.

Ranar ce kaɗai ya dube ni ido cikin ido. Ya ce, "Ni ba na ajiye naman mutane. Ka yanke shawara da wuri."

Na fito na ce wa Baba Pasto ba zan sake ba su ko ƙwayar nama ba. Ya yi mini magana har muka iso Birik, ban saurara ba. Na san abin yana cina, na kuma san lokaci yana tafiya, amma tsoron hannun mutane ya fi mini tsoron ciwon.

Labari ya kai gida, Mama ta sake shigo jirgi. Da ta ga fuskata ba ta yi kuka ba. Ta ajiye kayanta ta zauna a bakin ƙofa ta daɗe.

Ran Lahadi bayan sujada, Baba Pasto da wasu daga zumuntar mata suka zo ɗakina yin addu'a. Wasunku suna nan, za su iya gyara mini in na yi kuskure. Ɗakin ya cika, ana jin kekunan teloli daga waje. Aka riƙa yi ɗaya bayan ɗaya har aka zo kan Mama. Ita in tana addu'a kamar tana magana da babban wanta ne take yi, ba ta ƙawata komai. Ga abin da ta ce, gwargwadon yadda na riƙe:

"Ya Uba, kai ka gani. Abin da suka ciro daga bakin yaron nan ban bar shi a hannun kowa ba. Na naɗe shi a farin ƙyalle, na sa shi a ƙasarka da hannuna. Ba wanda ya taɓa shi, ba wanda ya yi masa mugun aiki da shi. To ta ina ciwon nan ya sake shigowa? Ka nuna mini."

Mata suka ce amin. Ni na buɗe ido. Na ga Baba Pasto ma ya buɗe nasa, yana kallona.

Bayanta ni ne zan yi addu'a. 'Yan'uwa, abin da ya taso mini a ƙirji ba addu'a ba ce. Na tuna duk zirga-zirgar da na yi, da duk mutanen da na zarga, da fuskar da nake gani a madubi. Abin da na iya faɗa kawai shi ne, "Ubangiji Yesu, ka riƙe bakina." Na maimaita, ban san sau nawa ba. Ban ji wata murya ba, ban ga haske ba, ba zan ce muku na gani ba. Abin da na sani shi ne, da na yi shiru, fushin ba ya nan yadda yake, kuma tsoron likitan da na daɗe ina ɗauke da shi ya sauka. Wannan ba daga ni ba ne. Na san halina. Yabo ga sunansa!

Da baƙi suka tafi na tambayi Mama. Ba ta ɓoye komai ba, ba ta kuma ji kunya ba. Ta ce wata yarinya mai farar riga ta miƙo mata kwalba da tsokar ɗanta a ciki, wai ta ratsa gari ta kai wa mutanen da ba ta san su ba, ta baro musu. Ta ce a garinmu ko gashin aski da farce ba a bari a fili, balle nama. Ta ce cibiyata ma ta san inda take har yau. Na tambaye ta me ya sa ba ta faɗa mini ba.

Ta ce, "Da na faɗa maka, da ka je ka tono."

Ina jin gaskiya ta faɗa.

Washegari na sami Baba Sule kafin ya hura wuta. Bai bari na gama tambaya ba. Ya ce ya fassara mata maganar ma'aikaciyar jinya daidai, har ya ba ta shawara a kai, amma ta riƙe kwalbar tana hawaye. Shi kuma a abin da ya taso ya tarar, duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam ƙasa ake ba. Da hannunsa ya haƙa ramin, a jikin katangar bayan gida. Ta sa ya yi mata alkawarin ba zai faɗa ba.

Ya ce, "Lisans, na yi maka ƙarya, kuma ba ta yi mini daɗi ba. Uwa ce ta roƙe ni." Ya goge wuƙa, sannan ya ce, "Cinyar Salla kuwa, maƙwabta sun zo sun yi mini godiya."

Ranar na zauna a bencinsa na sha romo, shi ne abin da bakina yake iyawa.

Na koma wajen likita na faɗa masa komai. Na ɗauka zai yi dariya ko ya yi faɗa. Sai ya cire tabarau ya ce ba ni ne na farko ba, kuma kakarsa ma abin da za ta yi ke nan. Sannan ya faɗi wata magana da zan dawo kanta a ƙarshe. Muka sa ranar ɗiban nama.

Sai wata damuwa ta taso: wa zai kai kwalbar? Wasu suka ce a ɓoye wa Mama, in kai da kaina. Na yi niyyar haka, amma na ga ɓoye-ɓoye ne ya kawo mu inda muke. Na zauna na yi mata bayani iyakar sanina, cewa suna yanka naman ne siriri fiye da bawon albasa, su duba a madubin da yake ƙara girman abu, su gane sunan ciwon. Ta saurara har ƙarshe, ta ce to ita za ta kai.

Wannan karon ba a sa ni barci ba, allurar kashe wuri aka yi. Na fito da auduga a baki, aka miƙo kwalbar, Mama ta riga ni karɓa. Ta ƙulle ta a bakin zani. A cikin taksi idona bai bar hannunta ba. Duk inda direba ya tsaya ɗaukar fasinja sai in yi tunanin za ta buɗe ƙofa ta sauka.

Muka isa. Matar nan ce dai a taga. Ta miƙo hannu, Mama ta ƙi saki. Ta ce in tambayi matar sunanta. Na tambaya da bakin da ya kumbura, ina jin kunya. Matar ta faɗa. Mama ta ce sunan ubanta fa? Da garinsu? Mutanen da ke layi suka fara gunaguni da Faransanci, wani ya ce ko aure muka zo nema. Matar ta dubi Mama ta dubi kwalbar, ta amsa duka. Mama ta yi ta maimaita sunayen har suka zauna mata.

Sannan ta ce mini, "Ka faɗa mata, in wani abu ya sami naman ɗana, sunanta zan kai wa Allah. In ta riƙe amana ma, sunanta zan kai."

Na fassara yadda ta faɗa, ban rage ba. Matar ta tashi tsaye ta karɓi kwalbar da hannu biyu.

Sakamako ya fito. Sunan ciwon da Faransanci ameloblastom. Likita ya ce ƙari ne da ba a cika gani ba, yana tasowa daga abin da haƙori yake samuwa da shi. Galibi ba ya yawo a jiki kamar ciwon daji, amma yana cin ƙashi ba tsayawa, kuma in aka bar ko ɗan kaɗan sai ya dawo. Shi ya sa kankarewa ba ta isa ba.

Aka yi babban aikin. Da yawanku kun ba da jini, kun kawo abin da kuka iya a lokacin da ku ma ba ku da shi, Allah ya sani. An yanke ƙashin daga bayan fiƙa har kusa da kunne, aka ciro ƙashi daga ƙuguna aka dasa a wurin. Aka ɗaure haƙorana na sama da na ƙasa da waya, na yi makonni ina shan kunu ta bututun roba. Ƙashin da aka yanke ma sai da ya je labo don a duba ko an wuce iyakar ciwon. Mama ce ta kai, ta kira matar da sunanta tun daga ƙofa. Suka ce gefunan suna da tsabta.

Ga ni yau. Fuskata ta karkace, kuna gani. Leɓen bai farfaɗo ba, da gefe ɗaya nake tauna. Likita bai yarda in ce ya ƙare ba, ya ce shekaru zan yi ina zuwa hoto, kuma ina zuwa. Saboda haka ba zan faɗi abin da ya wuce sanina ba. Abin da na sani shi ne, ina kan hanyar mutuwa da taurin kaina, Yesu ya buɗe gaskiya a tsakiyar addu'a, ta bakin da ban taɓa zato ba. Na gode masa, na gode masa ƙwarai.

Ku dogara gare shi, 'yan'uwa. Ku riƙa faɗa masa abin da ke ranku a fili, a gaban juna, yadda tsohuwar nan ta yi. In kuma aka miƙa wa ɗayanku kwalba a barandar asibiti, ya kai ta inda aka ce. In yana tsoro, ya zo ya kira ni mu tafi tare.

Saura roƙo ɗaya. Mama ta yarda in ba da labarin binnewar, ta ma ce in faɗa da kyau. Amma akwai maganar likita da ban gaya mata ba. Ya ce da sakamakon farko ya zo a kan lokaci, da ya koma nan da nan ya yanke kaɗan, kuma watakila da ƙashina na asali yana nan. Watakila ya ce, bai ce tabbas ba, ni ma da na ci gaba da zuwa hoto da an gani da wuri. Na faɗa muku ne don wani ya tsira. Mama za ta zo Kirsimeti, za ta zauna a layin mata tare da ku. Ku gaishe ta, ku yi mata barka da warkewar ɗanta. Wannan maganar kuma ku bar ta a ɗakin nan.

Ɗaukaka ga Yesu Mai Ceto. Amin.